Ga mai alfahari da miliyoyi a cikin daƙiƙa

Akwai wani bawan Allah da ya shafe makonni yana yi wa masu rubuta manhajar buga ches da yaren Python dariya, wai tamu rarrafe take yi, alhali tasa da ya haɗa da yaren C++ tana duba yanayin allo miliyoyi a daƙiƙa guda. Ban kama suna ba, wanda ya tsargu da shi ake.

Babu mai musun cewa Python yana da nawa a wannan aiki, kuma ba a banza aka rubuta Stockfish, shahararriyar manhajar buga ches, da C++ ba. Sai dai kafin mutum ya yi tutiya da gudu, ya kamata ya tabbatar dokinsa ya san hanya. Duk wanda ya taɓa wannan sana'a ya san gwajin da ake kira perft, wato ƙirga halastattun taku daga farkon wasa: 20 a taku na ɗaya, 400 a na biyu, 8,902 a na uku, sai 197,281 a na huɗu. Da idona na ga allon kwamfutar mutumin nan ranar da ya kira mu kallo, lambar tasa ta haura wannan, domin manhajarsa tana barin sarki a bakin mashi ta tafi tana tura soja. Da aka tambaye shi inda kuskuren yake, sai ya kama gungura layukan manhajar da bai san abin da suke yi ba. Dama zanen aro ba ya rufe katara.

Abin da bai gane ba shi ne, a tsakiyar wasa ɗan wasa yana da zaɓi kusan 35 a kowane taku, kuma dabarar alfa-beta, wadda ke watsar da takun da ya tabbata ba zai kai ko'ina ba, idan aka jera taku yadda ya dace har aka fara gwada mafi ƙarfi, tana iya mayar da nauyin kamar zaɓi 6 ne kawai, wanda ke nufin a lokacin da wani zai hango taku huɗu kai ka hango kusan takwas. Ƙara da taskar ajiye yanayin da aka riga aka duba, ta hanyar lambobin Zobrist da ke ba kowane yanayin allo lambar shaida, sai ka ga mai nawa ya daina maimaita wahala. A 2017 ma AlphaZero, manhajar da ta koya wa kanta ches, yana duba yanayi 80,000 ne a daƙiƙa, Stockfish kuma miliyan 70, amma AlphaZero ne ya yi galaba a karawarsu.

Ni tawa a tsohuwar kwamfuta take aiki, fankarta na kuka kamar injin niƙa, kuma ita ce ta ritsa sarkinsa a lungu a wasanmu na ƙarshe. Ya ce zafin na'ura ne. Idan ta huce, kuma ƙirgensa ya tsaya daidai a kan 197,281, ina nan ranar Asabar bayan la'asar.