A faɗa wa likita abin da yaron ya sha

Wani dare a watan jiya na raka maƙwabcina sashen gaggawa na wani asibiti a nan Kano. Ɗansa ne ya kwana uku bai runtsa ba, yana sambatu, yana cewa ana bin sa da wuƙa. Ƙarti biyu suka riƙe shi a bayan adaidaita, an ɗaure masa hannu da rawanin mahaifinsa. Likita ya dubi uban ya ce, "Baba, yana shan wani abu?" Uban ya sunkuyar da kai: "Wallahi likita sammu aka yi masa." Alhali da yammar nan a gabana aka zaro katin tiramol daga aljihun wandonsa.

Ban ga laifin dattijon ba. Mutum ne mai 'ya'ya mata da ke jiran aure, kuma ya san bakin unguwa. Amma wannan ɓoyon yana iya cin ran yaron. Wanda ya ɗirki kodin ko tiramol, in aka ƙara masa allurar barci ba a sani ba, numfashinsa na iya yin ƙasa. Tiramol mai yawa na kawo jijjiga kamar ta farfaɗiya. Wanda ya saba da roci ko diyazefam, in aka yanke masa rana ɗaya, shi ma jijjigar ke kama shi. Likitan da ba a faɗa wa ba, lalube yake yi a duhu.

Lamarin kuma ba na gida ɗaya ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, a 2018 ya gano 'yan Nijeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwayoyi, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin, masu sha suka karkata ga wasu ƙwayoyin. Har da Exol, wanda asalinsa ana ba masu jinyar taɓin hankali ne don rage musu sandarewar jiki.

Za a ce ai shi ya jawo wa kansa. Wani lokacin haka ne, wiwi kaɗai na iya birkita matashi. Amma akwai waɗanda cutar ce ta fara zuwa, rashin barci da muryoyi a kunne suka tura su wajen mai ƙwaya neman sauƙi. Likita ba zai bambance su ba sai ya ji gaskiya, ya kuma bi yaron na makonni.

Shi ya sa nake roƙon asibitocinmu, daga Dawanau har na Malam Aminu Kano, su riƙa tambayar abin da marar lafiya ya sha a keɓe, nesa da kunnen 'yan rakiya, gwajin fitsari kuma ya zama mai arha ga duk wanda aka kawo a birkice. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta tanadi sirrin marar lafiya. A sanar da iyaye haka tun a bakin ƙofa.

A daren nan, sai da na ja mahaifiyar gefe na ce, "Hajiya, ki faɗa masa." Ta kwance bakin zaninta, ta miƙa wa likita katin, saura ƙwaya biyu a ciki.