Horar da masu tantance ayyukan tallafi ta intanet: a daina ƙirga kawuna

A 2006 aka sanar da tallafin dala miliyan 16.4 ga wani famfon ruwa mai suna PlayPump. Tsarinsa ya burge manyan duniya: yara na juya abin wasa, ruwa na hawa tanki. Sai da aka shiga ƙauyukan Mozambik aka tarar yara ba sa wuni suna wasa, mata ne ke tura abin da ƙarfin tuwo, in kuma ya lalace a yi watanni ba mai gyara. Zuwa a duba ko aiki ya yi abin da aka ce zai yi, shi ne tantancewa, kuma sana'a ce da ake koya.

Shekara da shekaru, wanda ke son koyonta a matakin ƙasa da ƙasa sai ya hau jirgi. Shirin horar da masu tantancewa na IPDET, wanda Bankin Duniya ya kafa tare da Jami'ar Carleton a 2001, a Ottawa ta Kanada ake yin sa, kafin ya koma Bern ta Suwizalan a 2018. Ga biza, ga tikiti, ga kuɗin masauki. Ƙaramin jami'i a ma'aikatar tsare-tsare ta wata ƙasa mai karɓar tallafi, wanda shi ne kullum takardun ayyukan ke bi ta teburinsa, sai dai ya ji labari. Annobar korona ce ta tilasta aka mayar da darussan zuwa intanet a 2020, kuma a ganina an yi dace. Yanzu da Amurka ta rufe hukumar USAID a 2025, Birtaniya ma ta zabtare nata kason na tallafin ƙasashen waje, kuɗin tafiye-tafiye ne farkon abin da ake yankewa, alhali yanzu ne aka fi buƙatar sanin inda kowace dala ta shiga.

To amma akwai gyara. Alƙaluman hukumar sadarwa ta duniya, ITU, sun nuna kusan kashi 38 cikin ɗari ne na mutanen Afirka ke amfani da intanet a 2024. Wanda ya samu shiga ma, sau da yawa da kyamara a kashe yake, yana sauraro da kunne ɗaya yana aikin ofis da ɗaya. Ma'aunai shida na tantancewa da DAC, kwamitin ƙasashe masu ba da tallafi, ya tsara, wato dacewa, cimma manufa, tattalin kuɗi, tasiri, ɗorewa, da jituwa da sauran ayyuka wadda aka ƙara a 2019, ana iya haddace su a yini ɗaya. Abin da allon kwamfuta ba zai koya maka ba shi ne gane cewa dattijuwar da ke ta cewa "mun gode" tana faɗa ne don jami'in aikin na tsaye a gefenta, da kuma yadda za ka dawo washegari kai kaɗai ka sake tambaya.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Duk wanda ya san harkar ya san yadda aka saba: shugaban tawaga ya zo daga ƙasar da ta ba da kuɗin, 'yan ƙasa su zaga da takardun tambayoyi, a rubuta rahoton don wanda ya biya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba a ba shi alƙalami. Ƙungiyar masu tantancewa ta Afirka, AfrEA, tun 1999 take nan, kuma ta daɗe tana kira a gina tantancewa kan tambayoyin da jama'ar da aka yi wa aikin ke da su. Akwai cibiyoyin CLEAR masu koyar da tantancewa a Jami'ar Wits ta Johannesburg da kuma Dakar. Intanet ta kawar da uzurin nisa ta ɓangarorin biyu: malami na iya zama a Dakar, ɗalibi a Bern. Idan har yanzu darasi daga ƙasashe masu ba da tallafi kawai yake gangarowa zuwa masu karɓa, kuma a lokacin da ya dace da agogon Turai, to an sauya ɗakin taro ne kurum.

Ina so in ga kowane mahalarci ya shigo da aiki na gaske da yake kai, a haɗa shi da gogagge da zai bi shi tsawon watanni, ya fita fili ya dawo, ya kammala da rahoton da kowa zai iya karantawa. A kuma biya wa marasa hali kuɗin data kamar yadda a da ake biyan tikiti.

Su kuma masu shirya horon, su auna kansu da mudun da suke koyarwa. Yawan mahalarta da yawan ƙasashen da suka fito ba tasiri ba ne, su ma sun sani. Su koma bayan shekara biyu su bincika: cikin waɗanda suka karɓi takardar shaida, mutum nawa ne suka jagoranci tantance wani aiki a ƙasarsu, kuma rahoto nawa ne ya sa aka gyara aiki ko aka dakatar da shi.