Bambaɗanci: Yabon Da Ake Jiran Ladansa A Aljihu

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Idan mutum ya zaƙe da yabon mai kuɗi ko mai mulki, sai a ce yana bambaɗanci. Kalmar ta fito ne daga bambaɗawa, maroƙan Fulani da ke wasa sarakuna da masu dukiya, suna jero asalinsu da kirarinsu har a ba su kyauta. Su sana'arsu ce, kowa ya san abin da ya kawo su. Na yau kuwa da rigar masoyi yake zuwa: "Ranka ya daɗe, ai babu kamarka!" Daga an ba shi na cefane ya fita, sai zagi.

An gaya wa Abdullahi ɗan Umar cewa mukan shiga wurin shugabanninmu mu faɗa musu magana, in mun fito mu faɗi saɓaninta. Ya ce su munafunci suke ɗaukar wannan. Sahabi Miƙdad kuwa da ya ji wani yana zuba wa Sayyidina Usman yabo, durƙusawa ya yi yana watsa wa mai yabon tsakuwa a fuska, saboda Manzon Allah (SAW) ya ce idan kun ga masu yawan yabo ku watsa musu ƙasa a fuska.

Imam Gazali ya lissafa illoli 6. Huɗu na mai yabon: ƙarya, nuna soyayyar da babu ita a zuci, faɗin abin da bai tabbatar ba, da faranta ran azzalumi. Biyu na wanda aka yaba: girman kai, da yin sanyi wajen aikin alheri tunda ya ɗauka ya riga ya kai. Ta ƙarshen nan ta fi ɓarna, domin ba a jin shigarta.

Ba a hana yabo gaba ɗaya ba. In ya zama dole, ka faɗi abin da ka gani da idonka, kada ka taɓa abin da ke zuci kamar taƙawa da ikhlasi. Ka ce: "Ina zaton wane kaza ne, Allah ne mai yi masa hisabi." Kuma ka duba ko kana jiran alat na banki bayan maganar.

Kai kuma da aka yaba, ka ce: "Ya Allah kada ka kama ni da abin da suke faɗa, ka gafarta mini abin da ba su sani ba." Kada ka sa hannu a aljihu a lokacin, don kyautar ce ke dawo da shi gobe.