Ciwon suga: Masu tallan sabunta jijiya sun samu kasuwa

Sau biyu wata ƴar'uwata tana turo mini saƙon murya ɗaya a WhatsApp cikin makon nan. Mai tallan har da rantsuwa, wai kwalbarsa tana mayar da jijiyoyin mai ciwon suga kamar na saurayi, kuma wai Turawa ne suka gano sirrin.

Abin haushin shi ne akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Kowace jijiyar jini tana da siririyar shimfiɗa ta ƙwayoyin halitta daga ciki, wadda ke fitar da sinadarin da ke sa jijiya ta saki, jini ya wuce. Idan suga ya daɗe a sama, ƙwayoyin nan sukan tsufa tun lokacinsu bai yi ba. Ba su mutu ba, ba sa hayayyafa, sai zaman feso sinadaran kumburi da ke ɓata na kusa da su. Daga nan ido ya dushe, ƙoda ta gaza, ɗan tuntuɓe ya zama gyambon da ke kai mutum ga rasa ƙafa.

Masana na neman maganin hakan, ba musu. A 2019 asibitin Mayo na Amurka ya gwada haɗin magungunan da ke kashe tsofaffin ƙwayoyin a jikin masu ciwon ƙoda na suga. Mutum nawa? Tara. Ɗaya daga magungunan ma na sankarar jini ne. Kamfanin magunguna na GSK kuwa dala miliyan 720 ya zuba a 2008 wajen sayen kamfanin Sirtris mai bincike kan sinadarin ɓawon inabi da ya yi abin mamaki a jikin ɓeraye, ya rufe ofishin Sirtris ɗin a 2013. To abin da ya gagari waɗannan, shi ne mai lasifika a tasha ya ɗura a robar lemo?

Abin da aka tabbatar ba ya da armashin talla, shi ya sa ba ya yawo. Binciken UKPDS na Birtaniya, da aka fara a 1977 kan mutum sama da 5,000, ya nuna waɗanda suka danne sugansu tun farkon ciwon sun ci gaba da cin moriya shekara goma bayan kammala gwajin: bugun zuciya da mace-mace sun ragu a cikinsu. Jijiya ba ta mantuwa, shekarun farko su ne jari. Mu kuwa a nan muke asararsu, domin alƙaluman Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya na 2021 sun ce fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su ma san suna da shi ba.

Za a ce ina raina maganin gargajiya. Metformin, maganin suga da ke kowane kemis, asalinsa daga tsiro yake, bambancin kawai shi an gwada shi.

Lambar NAFDAC da masu tallan suke ɗagawa ba shaidar warkarwa ba ce, kuma gidajen rediyon da ke sayar musu da fili sun sani. A ja musu kunne. Harajin naira 10 da aka fara karɓa kan kowace litar lemon zaƙi a 2022, a kai shi asibitocin unguwa a riƙa awon suga da hawan jini kyauta.

Ƴar'uwata dai ta riga ta sayi kwalba biyu. Rabonta da awon suga tun kafin azumin bara.