Kafin ku ce kunnen ƙashi gare shi, ku kai a duba kunnen

Wallahi tun jiya raina a ɓace yake kan yaron nan na layinmu, kun dai ji labarin. Ya kai shekara huɗu ana jibgarsa, gida duka islamiyya duka, wai kunnen ƙashi gare shi ana kira yana banza da mutane, ashe bawan Allah ba ya ji ne tun sanƙarau da ya yi yana goye! Yanzu uwar sai kuka take, to dukan da ya sha wa zai sauke masa?

Jama'a ku kai yara a duba musu kunne. Kar wanda ya zo min da "ai nauyin baki ne, babansa ma bai yi magana da wuri ba". Yaro da abin da ya ji yake koyon magana, wanda bai taɓa jin "Mama" ba ta ina zai faɗa? Masu cewa shafar aljanu ce ku yi addu'arku ba mai hana ku, amma ku haɗa da asibiti. Tafa hannu a bayan yaro ma ba gwaji ba ne, inuwarki zai gani ya waiwayo ki ce ai yana ji.

Gwajin fa ba allura ba zafi, wata 'yar na'ura ce ake saƙala wa jariri a kunne yana barcinsa, cikin 'yan mintuna an gama. A Amurka ƙa'idarsu a gwada jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6. Mu sai shekara huɗu da bulala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara miliyan 34 ke fama da matsalar ji, kuma kusan kashi 60 cikin 100 abin da za a iya karewa ne. Duk jaririn da ya yi shawara mai tsanani, ko yaron da ya yi ƙyanda ko sanƙarau, ko kunnensa ke zubar da mugunya, don Allah ku kai shi. Akwai asibitin kunne na ƙasa a Kaduna, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen kunne.

Sannan ku masu shiga filin DJ a gidan biki da jariri a baya, har gaban sifika, ke babba kin dawo gida kunnenki na ƙara, to shi fa? Ki bar shi a ɗaki wajen kakarsa mana.