Kafin a cefanar da hasumiya, a ƙirga mutanen da ke cikinta

Duk sanda aka taso da maganar miƙa wa 'yan kasuwa aikin kula da zirga-zirgar jiragen sama, sai ka ji ana cewa ai Kanada ma ta yi. Ta yi ɗin, tun 1996. Sai dai Nav Canada, kamfanin da aka miƙa wa aikin, ba ya raba riba, kuɗin da jirage ke biya cikin aikin yake komawa. Nan ne masu yabon cefanarwa ke tsallakewa.

Jama'a, aikin nan mutum ne jarinsa. Kwantirola, wato jami'in da ke ba matuƙa jirgi umarni daga ƙasa, shi ke tabbatar da tazarar ƙafa 1,000 tsakanin jirgi da na ƙasansa, ko mil 5 a allon rada. Kafin ya zauna shi kaɗai, sai ya gama kwalejin sufurin jiragen sama ta Zariya, ya yi watanni da babba a bayansa yana sauraren duk kalmar da ya furta. Wanda ya ƙware a hasumiya kuma ba ya hawa kujerar rada sai da wani izinin daban. Albashi ne ke cin kaso mafi tsoka na kuɗin aikin, don haka nan mai neman riba zai fara sa wuƙa: a haɗe kujeru biyu da dare, a ƙara awanni, a dakatar da ɗaukar sababbi. Ɓarnar ba ta fitowa sai bayan shekaru, lokacin da manya suka yi ritaya babu magada.

Ku dubi daren 1 ga Yuli 2002 a samaniyar Überlingen ta Jamus. Kamfanin Skyguide ke kula da wurin, mallakar gwamnatin Suwizalan ne amma tsarin kamfani yake bi. Mutum ɗaya aka bari da alluna biyu, abokin aikinsa ya tafi hutawa kamar yadda aka saba, ana gyaran na'ura, layin tarho ya mutu, gargaɗin karo na allo a kashe. Jirage biyu suka yi karo, mutum 71 suka rasu.

Birtaniya kuwa ta sayar da wani kaso na NATS, kamfaninta mai kula da zirga-zirgar jiragen sama, a 2001, harin 11 ga Satumba ya rage jirage, dole aka sake zuba masa kuɗi.

Mu a Kano abin ya fi shafar mu. Samaniyar Najeriya gaba ɗaya da sunan Kano take a taswirar matuƙa jirgi, kuma cibiyar NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, da ke nan ita ke riƙe da arewa. Ga hazon hunturu da ke sa jirage su yi ta zagaye suna jiran sauka, ga jigilar alhazai. Ranar irin wannan ake gane kujerar da babu kowa.

Ba na cewa riƙon gwamnati ba shi da aibu. Amma in za a miƙa, a rubuta cikin doka mafi ƙarancin kwantirola a kowane zama, hutun rabin awa bayan awa 2 a kujera kamar yadda Birtaniya ke yi, sannan NCAA, hukumar da ke sa ido kan sufurin jiragen sama, ta riƙa duba jadawalin aiki ba tare da sanarwa ba.