Maƙala goma sha bakwai, tambaya ɗaya

Ranar Talata ce, a ɗakin taron rukuninmu na bincike a nan Ingila, ɗaki mai bangon gilashi da kowa ke zana siffar sinadarai a jikinsa, ga ruwan sama na ta zuba tun asuba. Aka ce sababbin zuwa kowa ya gabatar da kansa. Da aka zo kaina na faɗi abin da nake tinƙaho da shi: maƙala goma sha bakwai kafin in baro gida, kusan duka a kan gwada sinadaran tsirrai a kwamfuta, a ga ko za su zauna daidai a aljihun furotin na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, wato gurbin da magani ke kamawa. Shugabar rukunin, dattijuwa mai sanyin murya, ta ce, "Cikinsu wanne aka kai ɗakin gwaji aka ɗiga wa ƙwayar cutar?" Na ce babu. Ta gyaɗa kai ta kira na gaba. Ba don cin fuska ta yi ba, amma daren nan ban runtsa ba.

Yadda muke yi a gida kun sani, ba sai na faɗa ba. Kwamitin ƙarin girma ƙirga maƙaloli yake yi.

A nan kuwa, wanda aka fi ganin girmansa a rukuninmu wani mutum ne mai shiru-shiru da ke zama kusa da ɗakin manyan kwamfutoci, inda sanyi da gurnanin na'urori ba sa yankewa. Manhaja ɗaya yake reno. Kullum da safe sai ya buɗe GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ya amsa koken mutanen da bai taɓa gani ba, ya gyara kuskure, ya sake saki kyauta. A wannan fanni abin da ake kira tasiri ke nan: mutum nawa ne aikinsu zai tsaya in ka janye naka. Manhajar BLAST ta fito a 1990, har yau da ita ake kwatanta jerin ƙwayoyin halitta. AutoDock Vina, manhajar gwada sinadari a aljihun furotin wadda Oleg Trott da Arthur Olson suka fitar a 2010, a kanta na gina kusan duk maƙalolina. AlphaFold, manhajar da ke hasashen siffar furotin, ta saki siffofi sama da miliyan 200 kyauta a 2022, kafin jagororinta Demis Hassabis da John Jumper su raba kyautar Nobel ta 2024 da David Baker.

Su ma nan suna leƙa Google Scholar, shafin da ke lissafa maƙaloli, suna duba ma'aunin h da Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005, lambar da ke auna yawan maƙalolin mutum da yadda ake ambatonsu. Sai dai lambar ba ta hana a tambaye ka.

Kuma tambayar shugabar gaskiya ce, ko da ta yi ɗaci. Manhajar Vina tana ɗaukar furotin kusan kamar dutse, alhali motsi yake yi. Lambar da take bayarwa hasashe ce. Sinadarin da ya yi kyau a allo yana iya ƙin narkewa, ko ya kasa shiga cikin ƙwayar cutar, ko ya lalata hanta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ita shugabar ba ta taɓa jiran sinadarin gwaji wata da watanni ba. Mu abin da hannunmu ya kai muka kama. Amma ba zan ɓuya a bayan talauci ba, tunda Kelly Chibale ya kafa cibiyar H3D a Jami'ar Cape Town a 2010, kuma maganin zazzaɓin da suka samo, MMV390048, ya kai ga gwaji a jikin mutane. Da a ce kwamitocinmu na tambayar "wa ya gwada?", da mun haɗa ƙarfi a kan sinadari ɗaya.

Malamin da ya koya mini aikin nan a tasa kwamfutar ya koya mana, mu shida muna karɓa-karɓa kafin batir ya mutu. Huɗu daga cikinmu yanzu muna ɗakunan bincike a ƙasashen waje, kuma babu shafin da ya lissafa masa wannan. Na kira shi na faɗa masa tambayar matar. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, ɗana, ko za su yarda su gwada mana uku daga cikin jerinmu?" Na ce, "Zan tambaya, Malam." Jiya na tambaye ta, ta ce in kawo sunayen.